Tsarabar Makka Mai Kashe Kwamfuta

Ku da kuke zuwa shagona kuna zama a kan benci kuna cewa, "Baba Tanko, gyaran kwamfuta ai ba aiki ba ne, kashewa ne da kunnawa," ina jin ku, kunnena bai mutu ba tukuna. Kuma ba ku yi ƙarya gaba ɗaya ba. Da kashewa da kunnawa na ciyar da gida shekara da shekaru. Sai dai akwai irin fuskar da mutum zai ɗaure kafin ya kashe, da irin shirun da zai yi kafin ya kunna, kuma wannan ba a makaranta ake koyarwa ba.

Ni mutumin Aujara ne. Boko na tsaya a aji uku, bayan ni da hedimasta mun duba lamarin mun ga kowa ya yi iya ƙoƙarinsa. Gyaran rediyo na koya a wajen wani kawuna. Da aka ba mu jiha, Dutse ta zama babban birni, ma'aikata suka kwararo daga Kano da rediyoyinsu da kaset-kaset, sai na ɗaure akwatina a bayan keke na biyo su. Kayan aikina a lokacin ba su cika aljihu biyu ba: sukudireba, da ƙarfen narka dalma wanda nake ɗorawa a kan gawayi in babu wuta, da tsohon buroshin haƙori, da mita mai allura wadda ba ta motsi sai an ɗan mare ta.

Kwamfutar farko da na taɓa, wani mai shagon buga takardu ne ya kawo ta a lulluɓe da zanen matarsa. Ya ce tunda ina gyara abu mai waya a ciki, wannan ma waya ce a ciki. Ban musa ba. Na kwance murfin, na leƙa, na ga ban san ko abu ɗaya ba, in ban da ƙadangare da ya shiga fanka ya bushe. Na zare shi da tsinke, na danna duk abin da ya yi kama da mai son a danna shi, na hura iska da bakina, na mayar da murfi. Ta tashi. Kafin la'asar sunana ya tashi daga Tanko Mai Rediyo ya koma Injiniya. Har yau ban ga wanda ya zo karɓar sunan ba.

Amma na san ƙadangare ba kullum zai cece ni ba, don haka na tafi Kano koyon aiki a wajen Malam Nura. Yaron nan da ƙanina na biyar suka yi wasan ƙasa, amma ya yi karatun abin har jami'a, kuma yana da haƙuri. Ina ce masa Maigida, yana ce mini Baba, kowa yana jin nauyin kowa. A wajensa na koyi wanke kwamfuta a zuba mata sabon tsari, da sauya abin da ya ƙone, da gane ƙarar da ke nufin mutuwa da wadda ke nufin shagwaɓa kawai. Turanci ne ya ƙi shiga. Sai na koyi gane saƙo da kamanninsa, kamar yadda makiyayi ke gane shanunsa. In gajere ne mai maɓalli biyu, a danna na hagu. In dogo ne mai jan tambari, a ce wa mai kaya ya dawo gobe.

Masu kawo aiki kuwa iri-iri ne. Akwai wanda kwamfutarsa ba ta taɓa lalacewa ba, domin bai taɓa kunna ta ba, sai dai ya kira ni in duba masa ko lafiyarta ƙalau, in ɗaga mayafin da aka yi mata da aikin sama in ce ƙalau. Akwai wanda ya zuba wa fanka man gyaɗa don ta daina ƙara. Da aka fara shari'ar Musulunci a jihar, sai ga mutane suna zuwa da kwamfuta a buhu suna cewa a wanke. In na ce me za a wanke, sai su ce, "Injiniya, kai dai wanke." Ina wankewa, ban taɓa tambaya sau biyu ba.

Shekarar da ta fi ba ni wuya ita ce ta tsarabar Alhaji Darakta. Wata ma'aikata ce a sakatariya, ba zan kama suna ba, ni ke duba musu kwamfutoci. Daraktansu ya je aikin Hajji ya dawo lafiya, aka yi ta zuwa barka da sauka. Ƙananan ma'aikata suka samu dabino da carbi da ɗan zamzam a kwalba. Manya kuwa aka ba su wani sabon abu da ba mu saba gani ba, filashi, ɗan ƙaramin abu kamar yatsa mai ruwan zinariya, wai yana cin takardun da fulofi ɗari, faifan ajiyar da muke amfani da shi a lokacin, ba za su ci ba. A wajen wani mai talla a bakin titi ya saye su da yawa, amma wannan ba a faɗa. Abin da ake faɗa shi ne daga ƙasa mai tsarki suka zo.

Mataimakin Darakta ya ɗaura nasa a jikin makullin mota. Akanta ya rataye nasa a madubin gaba, kusa da carbi. Wani ya kai wa uwargida ta ajiye a cikin kwalla. A duk ma'aikatar nan mutum ɗaya ce ta yi tunanin a soka shi a kwamfuta, domin ita kaɗai ce ke da abin da za ta zuba a ciki.

Malama Asabe ke nan, mai buga takardu. Tun zamanin tafireta take aikin, yatsunta in suna gudu sai ka ce ruwan sama a kan kwano. Duk takardar da ta fita daga ma'aikatar, da jawabin da Darakta zai karanta yana gyara murya, daga hannunta suke fitowa, shi ya sa aka haɗa da ita a rabon manya. Mijinta na fari hatsarin mota ya ɗauke shi a hanyar Kano, na biyu ciwon ciki. Ita ke riƙe da 'ya'yanta a wani ɗan gida a nan Dutse, duk suna makaranta.

Ranar da aka fara kirana, na tarar da gilashin kwamfutarta ya koma shuɗi, da fararen rubutu cunkus. Wannan kamannin na san shi, shi ne babban yayan mai jan tambari. Na kashe na kunna, ta tashi, amma takardar da take bugawa ta zama shara. Na wanke na zuba sabo, yini guda. Bayan kwana kaɗan aka sake kirana, shuɗi. Aka mayar da ita kan kwamfutar ofishin rajista, shuɗi. Aka ara mata ta Akanta, wadda tun da aka sayo ta ba ta taɓa ko tari ba, ita ma shuɗi.

Daga nan magana ta fara yawo a baranda. Wai matar nan farar ƙafa gare ta. Wai wadda ta binne maza biyu, kwamfuta mece ce a wajenta. In ta shigo ofis sai ka ga mutum ya jawo mayafi ya rufe tasa kamar an ce kaza ta shigo wajen shanya. Aka kawo wani malami ya yi hayaƙi a ɗakinta. Akanta ya yayyafa wa madannansa zamzam har suka daina aiki, ni na kwance su na shanya a rana, shi kuma ya ce ka gani, abin har ya kai ga madannai.

Ni dai ban yi karatu ba, amma ina da ido. Na lura duk sanda abin zai faru, filashin nan yana soke a baya. Sai na samu Mataimaki a ofishinsa na ce, "Ranka ya daɗe, ina zargin ɗan abin nan ne mai ruwan zinariya."

Ya tashi ya rufe ƙofa, ya dawo ya zauna. Ya ce, "Tanko, abin da Alhaji ya ɗauko da hannunsa daga ƙasa mai tsarki, ya sa a jakarsa tare da haraminsa, ya hau jirgi da shi, shi kake cewa yana kashe kayan gwamnati? Maimaita, ban ji da kyau ba."

Na ce, "Ban ce komai ba, ranka ya daɗe. Tari ne ya sarƙe ni."

Ya ce, "Allah ya sawwaƙe. Ka sha zuma."

Aka kafa kwamiti, Mataimaki ne shugaba. Kwamiti ya zauna, ya ci nama, ya sake zama, ya kai ga shawarar a mayar da Malama Asabe Garki, wani ofis da ko wayar wuta ba a ja masa ba, inda ƙafarta ba za ta samu abin kashewa ba. Kowa ya san ma'anar wannan. Ba za ta iya kwashe yara daga makaranta ba, ba za ta iya barin su ba, ajiye aikin za ta yi. Abin da ya jinkirta lamarin kawai shi ne babu wanda ya iya buga takardar canjin wurin sai ita.

Ta same ni a shago da yamma ina cin gyaɗa. Ta gaishe ni, ta kwance bakin mayafinta, ta ajiye filashin a kan tebur.

Ta ce, "Malam Tanko, ka kai wa wanda ya sani."

Na ce, "Malama, ai ni ne Injiniya."

Ta ce, "Na sani. Shi ya sa na ce ka kai."

Washegari na hau motar Kano.

Malam Nura ya jawo wata tsohuwar kwamfuta da yake gwaji da ita, ya soka filashin, ta yi shuɗi. Ya yi dariya, ya jawo wata mai wani irin tsari daban, ya soka, ya daɗe yana karanta abin da ta rubuto. Sannan ya juyo ya ce, "Baba, zauna in gaya maka da Hausa."

Ya ce a can cikin kwamfuta akwai babban tsarin da ke juya komai, shi ne zuciyarta, kuma duk abin da ya taɓa wurin ya taɓa rai. Kowane irin kaya da za a soka mata, akwai ɗan ƙaramin tsari a cikin zuciyar nan mai karɓarsa, ana ce masa direba, ba mai tuƙa mota ba. Wanda ke karɓar kayan ajiya irin su filashi, aikinsa ya tambayi baƙo, kai wane ne, nawa ne girmanka, me ka kawo. To wannan direban, waɗanda suka rubuta shi sun manta su koya masa awo.

Ya ce, "Baba, ka san mai awon hatsi a kasuwarku. A ce ya tara mudu, mai kaya ya ce masa mudu ɗaya ne, sai ya kafa bakin buhu ya yi ta zubawa. Mai awo bai ce tsaya ba, bai duba ba. Ina hatsin zai tafi?"

Na ce, "Kan tabarmar maƙwabci."

Ya ce, "To maƙwabcin nan shi ne ke riƙe da ran kwamfutar. Filashin jabu ne, bayanin da yake bayarwa a kan kansa ƙarya ne kuma a hargitse yake, direba ya karɓa ya zuba inda bai kamata ba. Kun ma yi sa'a, wannan maƙaryaci ne mara wayo. Da wanda ya san aiki ne ya shirya shi da gangan, abin da zai zube ba shara ba ce, umarni ne. Kwamfutar ba za ta mutu ba, za ta koma yi masa aiki, ya kwashe duk abin da ke ciki ba tare da ya san kalmar sirrin kowa ba, ku kuna nan kuna hayaƙi."

Na ce, "To laifin wa ke nan?"

Ya ce, "Na jabu ba zai ƙare a kasuwa ba, ko ta ina ce. Mai karɓa ne ya kamata ya auna. Su ma masu tsarin sun gano, sun fitar da faci."

Faci kamar na taya, haka ya ce. Muka tafi shagon intanet muka wuni muna kallon wani ɗan layi yana tafiya kamar jaki mai ciwon ƙafa, har facin ya sauko, ya zuba mini a faifai. Da zan tafi na ce, "Maigida, yanzu yaya zan ce wa Darakta tsarabarsa jabu ce?"

Ya ce, "Baba, wannan ba a jami'a ake koyarwa ba. Kai ne babba."

Na dawo Dutse ranar da kwamiti zai yi zaman ƙarshe. Dabarata ita ce in bi kwamfutocin in manna musu faci shiru, cuta ta warke ba a san mai ita ba. Na mayar wa Malama Asabe filashinta a baranda na ce, "Malama, ba ke ba ce."

Ta ce, "To, ka faɗa a ciki."

Amma a ma'aikata ba a taɓa kwamfutar kowa kafin ta Darakta, ko gyara ne ko goge ƙura, raini ne. Na shiga na durƙusa na ce na zo da magani. Bai ɗago ba. Ya ce, "Tanko, dawo anjima, ina kan wani muhimmin aiki." A cikin gilashin tabaransa na hango muhimmin aikin, koren fili da karta a jere. A lokacin nan kuwa an kori 'yan karta daga gindin kowace darbejiya a garin. Na ce Allah ya taimaka, na fita na zauna a benci da faifaina a aljihu, har aka kira zama.

A ofishin Darakta aka zauna, don nan ne mai sanyi. Mataimaki ya ce Injiniya ya ba da ra'ayin masana. Na miƙe, na dubi Darakta, na dubi makullin motar Mataimaki a kan tebur da ɗan zinariyarsa, sai bayanin Malam Nura ya watse mini. Na fara da mudu, na shiga buhu, na fito ta tabarmar maƙwabci.

Mataimaki ya ce, "Tanko, hatsi muka tambaye ka?"

Na ce, "A'a, ranka ya daɗe."

"To zauna."

Na zauna. Aka ce ko Malama Asabe tana da abin cewa kafin a rufe. Ta gyara mayafi, ba ta ɗaga murya ba.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, kwamiti ya ce hannuna ne, ni ba zan yi jayayya da manya ba. Roƙona ɗaya. Jawabin da Alhaji zai karanta a taron gobe, a cikin abin nan na yi ta ƙoƙarin zuba shi. Ni ba zan ƙara taɓa kayan gwamnati ba. Alhaji ya saka da hannunsa mai albarka a tasa kwamfutar, a duba ko ya shiga, in tafi da sanin na bar aiki a kammale."

Ta ajiye filashin a gabansa. 'Yan kwamiti suka hau gyaɗa kai, wani ya ce ai hannun da ya yi jifan Shaiɗan ba irin namu ba ne. Darakta ya duba hagu ya duba dama, babu hanyar fita. Ya ɗauka, ya zagaya bayan kwamfutar, ya nufi ramin da ake soka wayar firinta. Na matsa na kama masa wuyan hannu cikin ladabi na kai shi inda ya dace. Ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, ya shiga.

Shuɗi.

Na ga Akanta ya saci kallon ƙafar Darakta a ƙarƙashin tebur, ya yi maza ya mayar da idonsa kan silin.

Yanzu fa dole a samu mai laifi. Ba zai yiwu a ce Alhaji ba. Ba zai yiwu a ce tsaraba ba. Malama Asabe kuwa tana can bakin ƙofa, hannayenta a cikin mayafi. Sai na ga kawuna suna juyowa wajena ɗaya bayan ɗaya, na tuna ni ne na kama wuyan hannun. Na miƙe tun ba a ba ni izini ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, laifin Turawa ne."

Mataimaki ya ce, "Ci gaba, Injiniya."

Na ce waɗanda suka ƙera tsarin kwamfutar nan sun yi sakaci, sun bar mata kafa a zuciya, ba ta iya karɓar baƙo ba, kuma da mugu ne ya gano kafar da ya kwashe asirin ma'aikata kaf. Na ce su da kansu sun amsa laifinsu, ga shaida. Na zaro faifan na ɗaga sama. Tun da na fara sana'a, ranar ce kaɗai na faɗi gaskiya tsantsa kuma ta zama ita ce abin da manya ke son ji. Darakta ya ce dama shi tun farko jikinsa ya ba shi. Mataimaki ya ce dama kwamiti bai kammala bincike ba. Nan take aka yi watsi da maganar Garki, aka amince a rubuta wa Turawan takarda mai zafi, aka umarci Malama Asabe ta buga.

Na manna facin a kwamfutar Darakta a gabansu, aka sake soka filashin. Ba ta mutu ba. Wani gajeren saƙo ne ya fito, wanda daga baya Malam Nura ya ce mini ma'anarsa ita ce ba ta gane wannan abu ba, a cire. Darakta ya ce, "Me ta ce?"

Na matsa kusa, na ɗaure fuska, na motsa leɓe. Na ce, "Ta ce ita ba ta kai matsayin riƙe irin wannan ba, ranka ya daɗe."

Ya ji daɗi ƙwarai. Ya zare shi ya sa a aljihun gaba.

Babu wanda ya ba Malama Asabe haƙuri, ba a yin haka a ma'aikata. Sai dai an daina rufe kwamfuta in ta shigo, Akanta kuma ya fara aiko mata da nasa aikin. Da na gama bin ofisoshi da faifaina, na biya ta teburinta. Tana sake buga jawabin Darakta daga farko, fulofi a gefenta. Na tsaya na gyara hula, ina jiran abin da ake ce wa Injiniya.

Na ce, "Malama, kin ga aiki."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Na gani. Na ji bayanin hatsi ma."

Na ce, "Amma kin yi kasada. Kwamfuta ba ta da alƙawari. Da ta ƙi mutuwa a hannunsa fa?"

Yatsunta suka tsaya. Ta dube ni, ta ce, "Malam Tanko, ni na yi jinyar miji ɗaya, ni aka kawo wa gawar ɗaya. Na san abin da hannuna ya yi da abin da bai yi ba. Matsa, kana tare mini haske."

Na matsa.